Sunan da Aka Yi a Unguwar Masu Kuɗi

Lokacin da na fara aiki a wani kamfanin cargo, wato jigilar kaya, a Jebel Ali can ƙasar Larabawa, a unguwar International City nake zaune, flat ɗaya da wani ɗan Kano mai sayen kayan waya yana turawa gida. Tukunyarmu ɗaya, tare kuma muke jiran bas. Da Allah ya buɗa masa, container ta fara bin container, sai ya ɗauko iyalinsa, ya shiga tambayar inda masu kuɗin ƙasar nan suke kwana.

Wata rana ya nuna mini wani rubutu a wayarsa, a kan unguwannin da mazaunansu suka fi kowa samu.

"Nan zan koma," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan ta farko. "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Na ce masa ai samun na mutanen ne, ba a ƙasar unguwar yake tsirowa ba. Ya ce shi ya sa har yanzu nake jiran salary.

Ya kama hayar gida a can, unguwa mai katanga da masu gadi, ciyawa kore shar, ga wani tafki da ba a wanka, ba a kamun kifi. Daga nan ko ni na koma kiransa Alhaji. Na taɓa tambayarsa yaya maƙwabta. Ya ce mutanen kirki ne ƙwarai, bai taɓa ganinsu ba, amma ya san motocinsu.

Da matarsa ta haihu, ya gayyaci kowa suna: 'yan kasuwar Al Khabaisi, ɗalibai, har da 'yan Nijar masu harkar atamfa. Tun a bakin ƙofar unguwar aka fara samun matsala. Mai gadi ya tambayi na gaba wurin wa ya zo, ya ce wurin Alhaji. Ya tambaye shi sunansa, ya ce Alhaji. Na bayansa ma haka. Tasi suka yi layi har titi kafin mai gida ya zo da kansa ya shigo da mu.

Falo ya cika, sai maza suka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawar ƙofar gida, wani ɗan Maraɗi ya hura gawayi ya fara gasa nama. Ba a jima ba mai gadi ya iso a 'yar motarsa mai lantarki. Cikin ladabi ya ce maƙwabci ya kai ƙara: hayaƙi, tarin takalma a bakin ƙofa, sannan ciyawar nan ba ta zama ba ce.

"To ta mece ce, habibi?" in ji wani dattijo a cikinmu, yana haɗawa da ɗan Larabcinsa.

Mai gadi ya ce ta gani ce.

Alhaji ya ce shi ya san maganin maƙwabci. Ya cika faranti da nama, ya ce in raka shi. Muka danna ƙararrawa, mai aikin gidan ta leƙo. Ta ce ubangidanta ba ya ƙasar ma, rabonta da shi tun bara, ta kyamarar ƙofa ya hango mu a wayarsa. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi kyamarar, ya gyara hula, ya ɗaga mata farantin, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa.

Da muka dawo mai gadi ya fara zancen za a ci mu tara. Dattijon ya miƙe ya naɗe tabarmarsa. "Khalas, shi ke nan. Yalla, mu tafi, a kwashe tukwane."

Flat ɗina aka nufa, don ba wanda ya kawo wata shawara. Mutane suka cika ɗaki, suka malala har matakala. Maƙwabcina ɗan Pakistan ya fito da kujeru ba tare da an roƙe shi ba, ya zauna ya ci waina, ya yi wa jaririya addu'a.

Alhaji ya samu wuri a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ci har gumi ya keto masa. Can ya dube ni.

"Malam, ban san yadda kake iya zama a nan ba. Hayaniya ta yi yawa." Ya miƙo faranti a ƙara masa miya.

Har yau yana can unguwarsu, bai kuma ga maƙwabcin ba. Da matarsa ta sake haihuwa, tun kafin a sallamo mai jego daga asibiti ya kira ni, ya tambaya ko zan kasance a gida ranar suna.