Allon Suna a Jikin Jirgin Baba Manu

Har gobe ban manta da ranar da muka kifa jirgin Baba Manu a kan rairayi ba. Ku da kuka shigo aiki jiya-jiya ba ku san shi ba, don haka bari in ɗauko muku daga tushe.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, zamanin soja. Ina ƙaramin mai gyara a sashen ayyuka na wata hukuma mai ofis a nan Azare, ba sai na kama suna ba. Asalin sana'ata gyaran jikin mota ce, amma da aka fara kawo tankunan ruwa na faiba, wani abu mai kama da roba mai tauri, sai na koyi liƙinsu. Shi ke nan, ko bokiti ne ya tsage a hukumar sai a ce a kira Habu. Shugaban sashenmu Mista Yohanna ne, mutumin kudancin Bauchi. Ba shi da hayaniya. In ransa ya ɓaci sai dai ka ga ya cire tabarau yana ta gogewa.

Hukumar ta taɓa ba wani ƙauye na bakin kogi, can gaba da Gadau, jirgin fito na faiba. Da damina in ruwa ya kawo, ba kasuwa ba asibiti sai ta wannan jirgi. Baba Manu aka damƙa wa shi, dattijon da tun kafin a haife ni yake fito da kwalekwalen itace a wannan mashigi, kamar yadda ubansa ya yi.

Wata damina aka kawo mana sabon shugaban hukuma. Bai daɗe da zama ba labari ya iske shi cewa jirgin yana yoyo. Ya kira Mista Yohanna, ni kuma ina biye da shi.

"Kayan gwamnati ne, ba na gado ba," in ji shi. "Ku je ku gyara. Ku gaya wa mai jirgin a gaban jama'a, in sakaci ne za a karɓe. In kun gama ku ɗaura wannan."

Ya miƙo wani allon tagulla a naɗe cikin takarda. Ga wanda bai san al'adar ofis ba, duk abin da hukuma ta gina ko ta gyara sai an manna masa irin wannan allo, da sunan shugaban da aka yi aikin a zamaninsa. Na karɓa na jefa cikin akwatin aikina. Na biya shagon wani Inyamuri mai kawo mana kaya daga Kano, na ɗauki rasin, wato ruwan ƙaron da ake liƙin faiba da shi, da maganin da ke daskarar da shi, da ƙyallen faiba da sanfefa.

Mun isa da hantsi. Bulama, mai unguwar ƙauyen, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da dafaffiyar masara. Muka ci muka yi nak. Sannan Mista Yohanna ya miƙe ya isar da saƙon shugaba yadda aka ba shi. Baba Manu yana tsugune, hularsa a gwiwa.

"Baba, me ya huda jirgin?" in ji Mista Yohanna.

"Ranka ya daɗe, ruwa dai yana shiga, ni kuma ina kwarfewa. Ban huda ba."

Ni kuwa a raina na ce, ka ji tsoho, jirgi ne zai huda kansa?

Matasa suka jawo jirgin kan rairayi, muka kifa shi, na wanke gansakukar da ta rufe gefensa. Sai ga ramuka ƙanana ta wajen goshi, kowanne an cusa masa tsumma da ƙaro, wasu da tsinken itace. Na shiga zarewa ɗaya bayan ɗaya. Da na ja da baya na duba, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ba irin hujin dutse ko kututture ba ne. Ramukan sukuru ne, da tsatsa a bakinsu, kuma a jere suke huɗu-huɗu kamar sawun ƙafafun tebur.

"Baba, me aka taɓa ɗaurawa a nan?"

Ya tashi ya nufi gida. Jim kaɗan ya dawo da wani buhu, ya zazzage a gabanmu. Alluna ne irin wanda ke akwatina, sun sha guga da toka sai ƙyalli suke, kowanne da sunan wani tsohon shugabanmu.

"Duk wanda ya zo daga ofis sai ya kwance na wancan ya ɗaura nasa," in ji shi. "Na ajiye su ne ko za a nema."

Na ɗauki ɗaya na aza a kan ramukan, ya zauna daram. Na biyu ma haka. Girmansu ba ɗaya ba ne, shi ya sa kowane allo ya zo da nasa sabon huji. Kuma duk a ƙasa-ƙasa aka ɗaura su, inda za su fito sosai a hoto in jirgi yana kan tudu ba kowa a ciki. Da zarar an loda mutane da buhunan gero, sai wurin ya nutse cikin ruwa.

Mista Yohanna ya ce, "Haba Baba, me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ranka ya daɗe, baƙo ya zo a motar gwamnati, a gaban Bulama, in ce masa aikin gidansu ne?"

Wallahi kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga furar mutane a cikinmu, ga mun tsugunar da sa'an ubanmu a bainar jama'a, ga kuma sabon allo a akwatina yana jiran nasa hujin. Na waiwaya, Mista Yohanna ya cire tabarau yana gogewa. Babu wanda ya yi mana dariya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Na sunkuyar da kai na kama aiki. Faiba ba ta kama jiƙaƙƙen wuri, saboda haka muka bar jirgin ya sha rana har ya bushe ƙarau. Na kankare ruɓaɓɓen bakin kowane rami, na faɗaɗa shi ya yi kamar mazurari, na goge da sanfefa. Na yayyanka ƙyallen faiba ƙanana, na kwaɓa da rasin da ɗigon maganin, kaɗan-kaɗan don zafi na sa ya daskare a hannunka. Na cike ramukan, na bi ta ciki na shimfiɗa faci a kan faci, na sama ya fi na ƙasa faɗi. Baba Manu ne ya riƙa tare mini iska da zanensa kada rairayi ya faɗa ciki. Washegari na goge, na shafa fenti, aka loda jirgin taf aka tsallaka. Ko ɗigo bai shiga ba.

"Bar allon nan a akwati, Habu," in ji Mista Yohanna. "Ba da hannunmu za a sake huda jirgin nan ba."

Da muka dawo Azare ya zayyana wa shugaba komai, ina tsaye a bakin ƙofa. Shugaba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "So kuke in ce gwamnati ce ta huda jirginta? Ai magana ta riga ta fita. Tsohon ma ya tsufa, ya huta." Mista Yohanna ya sake roƙo, aka nuna mana ƙofa. A makon nan aka karɓe jirgin aka ba wani, allon kuma aka ce a bar shi a teburin shugaba.

Bayan 'yan makonni, wata ranar kasuwa, ina ƙarƙashin mota sai na ji sallama. Na leƙo, Baba Manu ne da 'yar sandarsa. A raina na ce yau zan sha abin da ya dace da mu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi Mista Yohanna, ya yi mini sannu da aiki. Sai ya fito da wani ɗan gwangwani daga aljihu.

"Malam Habu, ko akwai ragowar ƙaron nan naku mai wari? An aiko masinja ya ɗaura sabon allon. Ruwa ya fara shiga."

Na ce, "Baba, ai jirgin ba ya hannunka yanzu."

"Haka ne. Amma jikokina a ciki suke tsallakawa."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na cika masa gwangwanin, ranar Asabar kuma na hau babur na je na sake liƙewa da kaina. Jirgi dai ba a mayar masa ba har Allah ya karɓi ransa.

To, ku saurara, yara. In an tura ku gyara, kada ku buɗe baki kan mai kaya sai kun kifa abin kun duba da idonku. Na yi shekaru a wannan aiki, kuma yawancin ramukan da aka aike ni in toshe, daga ofishinmu aka je aka huda su. Mutanen da muke zuwa yi wa faɗa sun sani sarai, kunyarmu kawai suke ji.