Gadar Rabin Riyal

Abin da na zuba a gadar nan shi ne katako goma sha huɗu, ƙarfen ƙafar wata matacciyar babbar mota, sarƙa da kwaɗo. Riyal ɗari tara, duk abin da na tara cikin shekara uku ina sayar da gawayi a Ƙuba.

Mutanenmu na da gidaje kamar ashirin a tsakiyar gonakin dabino wajen Ranuna, kwari ya kewaye su. In sel ya zo, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu, sai su zama tsibiri kwana da kwanaki. Na kafa gadar a kan ƙarfen nan yadda za a juya ta ta kwanta a gaɓa in ruwa ya fi ƙarfinta. Haye ɗaya rabin riyal. Wanda ya ce "sabil", wato don Allah, ya wuce kyauta.

Akwai wani tsoho baduku, mutumin Damagaram, da bai taɓa furta kalmar ba. Ran nan da hantsi ya fito zai tafi Harami, ruwa iya gwiwa.

Na ce, "Baba, nus riyal. Ko ka ce sabil."

"Ni zan roƙi mai gawayi? Ɗan nan, na haye Nilu ba a yaye ka ba. Wannan fitsarin raƙumin zan biya wa kuɗi?"

Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas, ba girgije. Haka ake duban ruwa a gida. A nan kuwa can bayan duwatsu yake sauka, inda ido bai kai. Da safen ranar wani direban tanka ya gaya mini an kwana ana ruwa a kudu.

Na sani, na yi shiru. So nake sanyin ruwan ya koro shi ya dawo ya biya. Ya naɗe jallabiyarsa ya sauka. Yana tsakiya muka ji rugugi. Na kwarma masa kira, ya waigo, shi ke nan.

Bayan kwana biyu aka same shi maƙale a gindin dabino, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ba wanda ya tuhume ni, don ba wanda ya san maganar direban.

Gadar ta yi shekara huɗu kafin baladiyya, wato hukumar gari, ta gina ta siminti. Gadar tawa ta mayar mini da ɗari tarana, ta ƙaro abin da na buɗe shago da shi. A ɗaya gefen lissafin akwai ran mutum ɗaya, a kan rabin riyal. Na sha yin lissafin. Faɗuwa na yi.