Yadda Bindigar Kawu Ta Ceci Karatuna

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a ina karanta Fiziks, na zo hutu gida Tarai lokacin yankan dawa. Mahaifina bai taɓa gamsuwa da karatun nan ba. Ɗan maƙwabcinmu aikin asibiti yake koyo, kowa ya san amfaninsa. Ni kuwa ko rediyo ce ta lalace sai in ce ba fanninmu ba ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a zaure da mahaifina da kawuna, wanda tsohon maharbi ne, sai Baba ya ce, "Faɗa min abu ɗaya da ka koyo. In na gane, ka koma. In ban gane ba, ka canja zuwa abin da zai amfane mu."

Da ina da wayo da na ɗauko mai sauƙi. Amma son burgewa ya sa na ɗauko nutirino, wani ɗan mitsitsin abu da ke ratsa dutse da jikin mutum, ba a ji ba a gani. Na yi ta zuba Turanci. Baba ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

Na yi maza na ce, "Baba, doka ce: duk abin da ya harba wani abu gaba, shi sai ya ja baya. To masana sun ga ƙwayar zarra ta harba ɗan abu gabas, maimakon ta ja yamma sak, sai ta karkace."

Kawu, da na zaci gyangyaɗi yake, ya ɗago. "Ta karkace? Ai bututun ne ya tsage."

"Wane bututu, Kawu?"

"Bindigar toka in ka harba, kafaɗa take duka, saitin baya. Ranar da tawa ta fizge ni gefe ban ga komai ba, amma na san wani abu ya fita ta wani wajen. Ina dubawa, ga tsaga. Su ma wani abu ne ya fice musu."

Abin da malaminmu ya kwashe mako yana cusa mana ke nan.

"Wallahi shi ne, Kawu! Ba su yar da dokar ba, cewa suka yi akwai wani abu na uku da ya sulale, shi ne nutirino. Sai bayan shekaru masu yawa aka kama shi."

Baba ya dubi Kawu, ya dube ni, ya ce, "To, na gane. Amma wa zan mayar makarantar, kai ko shi?"

Ni aka mayar, alhamdu lillahi. Yau ni ke koyar da darasin a wata sakandare a Rano, kuma tun ranar na yarda cewa abin da na kasa faɗa wa mutanen gidanmu da Hausa, ban gama saninsa ba.

Kawu kuwa har yanzu in zai gabatar da ni a kasuwar Kibiya, cewa yake, "Ga ɗalibina."