Bizar kaka ta ƙare

Yau na tarar da Madam Lin tana kwashe kayan teburinta. 'Yar ƙasar Sin ce, tare da ita da mijinta muke aiki a sito kusa da tashar jiragen ruwa, a nan ƙasar Larabawa.

Uwar mijin ce ke rainon jaririnsu, ga shi bizar tsohuwar ta ƙare, za ta koma ƙasarsu. Dole ɗaya cikin Madam da mijinta ya ajiye aiki.

Na ce, "Madam, ai kin fi maigidan iya aikin nan."

Ta yi murmushi. "Ukhti, shi ma ya faɗa, har da hawaye. Amma da aka ce wa zai zauna a gida, kowa ni ya kalla. Khalas, shi ke nan."

Tun ɗazu nake juya maganar. Da ina wajen, ina tsoron ni ma ita zan kalla. Ku fa?