Dutsen Kabarin Baba a Kuala Lumpur

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, muka kama hanyar Abuja inda za mu hau jirgi. Ramukan hanya suna nan yadda na san su. Kabarin mahaifinmu za mu je gani. A bara ya tafi jinya wurin ƙanwarmu da ke aure a Malesiya, Allah ya karɓi abinsa a can, aka binne shi kafin mu samu biza.

Kuala Lumpur ta tarbe mu da ruwan sama da zafi a lokaci guda. Mijin ƙanwata, wanda ke koyarwa a wata jami'a, ya ɗauke mu zuwa gidansu a unguwar Wangsa Maju, can saman bene. Na gaida 'ya'yansu da Hausa, suka amsa mini da Turanci, ƙaramin ya ƙara da "lah" irin yadda mutanen ƙasar ke rufe magana. Aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da shayi mai zaƙin da ƙanena ya ce ko ƙudan zuma sai ya nemi ruwa.

A falo na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani ƙaton hoton Baba ne cikin kayan soja, yana saurayi, tsaye kusa da jirgin saman yaƙi. Surukina ya ce da hoton suka yi wa Baba taron addu'a, ɗalibai suka cika wurin, kowa na ɗaukar hoto. Sannan ya nuna mini a wayarsa zanen dutsen da za a kafa a kabarin, tunda mutanen ƙasar suna rubuta suna a kan kaburbura. An zana jirgi, an sa muƙaminsa, an rubuta gwarzon yaƙi.

Baba ya tuƙa jirgi a lokacin yaƙin basasa, gaskiya ne. Amma ana gama yaƙin ya ajiye kaki, ya shiga aikin rumbun hatsi, a nan ya tsufa. Hoton nan a ƙasan akwatinsa a Kano ya ɓoye shi, ashe ƙanwata ta ɗauko shi lokacin da aka tafi da Baba jinya. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa labarin yaƙi, ya ce, "Daga sama ba ka ganin mutum, rufin gidansa kawai kake gani." Bai ƙara ba. Mutumin da muka sani shi ne mai dawowa gida da ƙurar masara a hularsa, mai ɗaukar ƙwayar gero ya ciza don ya ji ko ta bushe.

Na ce wa surukina ba za a sa jirgi ba. Ya ce ai girmamawa ce, mutanen nan su san ba ƙaramin mutum aka binne ba. Na ce, "Malam, abin da ya yi shekaru yana neman gafara a kansa, shi za ka ɗora masa a ka?" Ƙanwata tana tsaye a ƙofar kicin, tana jin mu.

Washegari ita ce ta ce in raka ta kasuwar Chow Kit. Muka hau jirgin da ke tafiya a kan dogo ɗaya a sama, muka sauka cikin cunkoso da ƙarnin kifi. Kayan miya da araha, nama kuwa sai a hankali. Ta kai ni shagon wani tsoho mai sayar da shinkafa. Da ta gaya masa ko ni wane ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ashe duk ranar da Baba ya ji ƙarfin jikinsa, nan yake zuwa ya zauna. Ba sa jin yaren juna. Tsohon ya ɗebo shinkafa, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya gyaɗa kai irin yadda Baba ke yi, har da ɗage gira. A nan na kasa riƙe hawayena. Ƙanwata ta tambaye shi ko ya san Baba ya taɓa tuƙa jirgi, ya ce bai taɓa ji ba.

Da yamma ita ta yi wa mijinta magana, a gabana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Abban yara, a cire jirgin nan. Baba bai kai shi Chow Kit ba, mu ma ba za mu kai shi maƙabarta ba." Ya ɗauki waya ya kira mai sassaƙar dutsen.

Kafin mu taso muka je maƙabartar, mai tsabta da inuwar itatuwa. Dutsen ɗan ƙarami ne, sunansa da na mahaifinsa kawai. Muka yi masa addu'a muka juyo.

Mun iso Kano lafiya. Har yanzu raina yana sosuwa idan na tuna hotunan taron nan suna yawo a wayoyin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Tafiyar ta koya mini cewa mamaci ba ya iya kare kansa, sai nasa sun tsaya masa. Hoton kuwa na taho da shi, na mayar da shi ƙasan akwatin da Baba ya ajiye shi.