Kunnen 'Yardada Mai Tukwane

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Mazugal ya san 'Yardada mai tukwane. Ba ita ke ginawa ba, sarowa take daga ƙauye, amma Allah ya ba ta kunne. Ta ƙwanƙwasa randa da bayan yatsa, in da tsaga ko da siririn gashi ce sai ta ji. Shekara arba'in ba a taɓa dawo mata da tukunya ba, kuma ba ta gajiya da faɗa. Ina kewar wancan zamanin, lokacin da ruwan randa ya fi na firji daraja.

Kunnen nan kuwa tun tana amarya yake zubar da mugunya. Maganinta ɗaya, kafso daga kemis. Ta buɗe ta zazzaga garin a kunne, ta haɗiyi biyu, da ya lafa ta watsar. Da can yana yi mata. Daga baya ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har ya kama ɗaya kunnen.

'Yarta Sadiya ce ta ja ta asibiti, tana tafe tana mita. Aka dangwali mugunyar da auduga, aka ce su dawo bayan kwana uku. Likita ya ce an raini ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji, an gwada musu magani bakwai, shida ko gezau.

"Hajiya, kullum kina ba su magani kaɗan-kaɗan, har suka saba," in ji shi.

"Ashe kiwo nake yi," ta ce.

Na bakwan ya ƙafar da mugunyar cikin mako biyu. Sai dai dodon kunnen ya riga ya huje, ji ya ragu. Ta ce ita dai tana jin tukwanenta sarai, ta koma sana'a.

Ranar wani suna a Gwammaja, gidan Talatu tsohuwar abokiyar cinikinta, 'Yardada ta je shan ruwa sai ta gane randar da ta sayar mata kwanan baya. An liƙe gindinta da siminti.

"Talatu, yoyo ta yi?"

Talatu ta sunkuyar da kai. "Inna, ba tawa kaɗai ba ce. Tun bara muke liƙewa. Ba wanda ya iya faɗa miki."

'Yardada ta ajiye moɗar ba ta sha ba. Washegari ba ta fito da tukwane ƙofar gida ba.