Nishin da Na Ƙirƙira

Ranar da likita a Sakkwato ya ce wani ɗan ƙari ne ya maƙale a ƙirjina, bayan ƙashi, shi ke cinye mini ƙasusuwa yana hana ni ƙoshi da ruwa, kuma sai an yi aiki a cire shi, na gama yanke wa kaina hukuncin mutuwa. Bandar kifi ce sana'ata a Kaoje, na san yadda ake tsaga ciki a baje. Na bi gida-gida neman gafara, har wurin waɗanda ko musu bai taɓa haɗa mu ba. Labari ya tsallaka iyaka ya iske yayata da ke aure a wani ƙauye cikin Binin, wadda rabona da ita tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta ɗauro kayanta ta zo jinya.

Ashe kunya ke jirana. 'Yan huji kawai aka yi mini tsakanin haƙarƙari, aka zura kyamara da wasu siraran ƙarafa, aka zaro abin, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Matan da ke zuwa dubiya da kwaryar fura sai su ce in nuna musu, in ɗaga hannu, su yi ta neman wurin da ido. Wata tsohuwa daga Zagga ta ce ƙahon wanzami ya fi wannan barin tabo. Duk gafarar da na tara, ban san inda zan kai ta ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tafiyar Yaya. Na san da zarar na miƙe za ta nemi mota, ni kuwa ban ƙoshi da ita ba. Ina son jin muryarta a tsakar gida, ina son faɗan da take mini kan gishirin miya. Sai na koyi nishi. In tana kusa in dafe gefe in lumshe ido, in ta fita ɗibar ruwa in tashi in kankare ƙanzon tukunya in cinye. Da girmana da jikokina.

Wata la'asar tana shafa mini man shanu a ƙafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Bari nishin ga haka nan, ke warke tun tuni. Jiya dama kinka riƙe, yau hagu."

Na yi dariyar da ba ta da daɗi, na fara kame-kame. Ba ta taya ni ba. Ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora a gindin wuyanta. Na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin fata.

"Ni ma ba jinya ɗai tak kawo ni ba," in ji ta. "Zuwa na yi in gani ko ana tashi."

Washegari ni na ɗauki jakarta har tasha, muka shiga motar Sakkwato tare.